Kafin Ka Tafi Andalus

Ɗana, ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame a masallacin Sultan Bello, ka tare ni a bakin ƙofa ka ce kai da maiɗakinka kun ƙulla niyyar zuwa Sifaniya hutun mako biyu. Na ce madalla, na kuma yi maka alkawarin za mu zauna. To, na san irin zaman namu. Kai kana latsa waya, ni ina sallamar baƙi, kafin a kai ga magana an kira la'asar. Shi ya sa na ga gara in rubuta, ka karanta a natse, ka kuma miƙa wa surukar tawa, don na lura ta fi ka riƙe zance.

Na ji daɗi da ka ambaci Granada da Kordoba. Na zaci filin Real Madrid ne kawai ya ja ka, tunda ban manta yadda ake zuwa a zaƙulo ka daga gidan kallon ƙwallo a Unguwar Shanu ba. Ka je filin, ba laifi, yini ɗaya ya ishe shi. Sauran kwanakin ka ba kudancin ƙasar, yankin da su suke kira Andalusiya, mu kuma muka san shi a littattafai da Andalus.

Mu fara da takarda, don ita ke kayar da mutane tun ba su ga jirgi ba. Bizar da za ka nema ita ce ta Shengen, wadda ƙasashe 29 na Turai suka yi tarayya a kanta. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, ban da ladan kamfanin BLS da ke karɓar takardun Sifaniya a Abuja da Legas, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko sisi. Ana hana mutanenmu sosai, fiye da kashi 40 cikin 100 na masu nema a shekarun nan. Doka ta ba ka damar nema tun saura wata shida tafiya, saboda haka kada ka bari sai saura mako uku ka tayar wa kowa da hankali. Za su nemi inshorar lafiya ta yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin zuwa da dawowa, da takardar hutu daga wurin aikinka, da bayanin asusunka na banki na watannin baya. Fasfo kuma dole ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar da za ka baro can.

Maganar banki nake so ka riƙe da kyau. Kada ka yarda wani ya ranta maka miliyoyi ya zuba a asusu ana jibi kai takardu. Wanda ke duba takardar nan aikinsa ke nan kullum, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Albashinka da yake shiga wata-wata ya fi masa daraja a kan tulin kuɗin da ya faɗo daga sama. Haka nan ka guji dillalan biza masu cewa za su haɗa maka takardu. Na san wani yaro a unguwarmu da aka haɗa masa takardar otal ta bogi, shi bai ma sani ba, aka hana shi, kuma tabon ya bi shi a duk inda ya sake nema. Cike takardunka da hannunka. In biza ta fito, buɗe fasfo ka karanta ta tun a wurin. Akwai ranar farawa da ranar ƙarewa, akwai kuma wani gurbi dabam da ke nuna yawan kwanakin da aka yarje maka ka zauna. Mai yiwuwa bizar ta wata guda ce amma kwana 15 kawai aka ba ka. Wannan ƙaramar lambar ita ce hukunci.

Daga nan Kaduna, ko jirgin ƙasa za ka bi daga Rigasa zuwa Idu, ko mota, ka tafi ana gobe ka kwana a Abuja. Ba a haɗa hanyar Abuja da jirgin sama a rana ɗaya. Wajen sayen tikiti kuma ka duba inda jirgin zai yada zango. In ta Istanbul ko Alƙahira ko Doha ne, sai ka isa Sifaniya za a duba ka. In ta Faris ko Frankfurt ne, a can za ka fara tsayawa gaban jami'in shige da fice, don haka ka bar tazarar awa uku tsakanin jiragen biyu. Ta Landan kuwa kada ka soma, Ingila ba ta cikin Shengen, kuma ɗan Najeriya sai da wata bizar yada zango dabam. Tun Oktoban 2025 sun fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a bakin shiga, layi kan yi tsawo. Duk takardun da ka kai wajen neman biza ka riƙe kwafinsu a jakar hannu, don biza ba ta hana a tambaye ka ina za ka sauka da kuma nawa ke hannunka. Ma'aunin Sifaniya ya haura yuro 100 a kowace rana ga mutum ɗaya. In kuɗin hannunka ya kai yuro 10,000 sai ka bayyana wa kwastan, ko da yake ban ga dalilin ɗaukar irin wannan ba. Kati na kuɗin waje da 'yan takardun yuro 20 da 50 sun fi amfani. In 'yan canji suka ba ka takardar 200 ko 500 ka mayar musu, masu shago a can ba sa son karɓa.

Yanzu ga wadda za ta ɓata wa mahaifiyarka rai. Na san ta riga ta aika a yi muku kilishi, ƙila har da dambun nama da man shanu. A bar su a gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da duk abin da aka yi da madara, komai bushewarsa, komai kyan naɗinsa. In an gani za a ƙwace a zubar, wani lokaci har da tara. Ɗanyun 'ya'yan itace da kayan lambu ma sai da takardar lafiyar tsirrai, amma dabino na cikin 'yan kaɗan da aka ɗage wa wannan. Ku ɗauki dabino, da garin yaji, don abincinsu ba shi da zafi ko kaɗan, kuma bayan kwana uku harshenka zai fara kewar gida. Ku saka ƙaramar buta ta roba, da abin sallah mara nauyi, da kan soket mai ƙafa biyu zagayayyu, don namu mai ƙafa uku ba ya shiga bangonsu. Saƙon kowa kuma kada ka karɓa, ko na wa ne, sai an kwance shi a gabanka. In mutum ya ji haushi, ka ce Baffanka ne ya hana.

Ka ce kana tunanin watan Agusta saboda hutun ofis. In da hali ka sauya. Mutanenmu sun ɗauka duk Turai sanyi ce, alhali kwarin da Kordoba da Sebiya suke ciki yakan wuce digiri 40 a Yuli da Agusta, har an taɓa auna 47.6 a wani gari na lardin Kordoba a Agustan 2021. Bazarar Kaduna ba ta kai nan ba. Afrilu da Mayu ko Oktoba su ne lokacin yawo, sai dai ka duba kada ka faɗa cikin makon Ista ko bikin Afrilu na Sebiya, lokacin da kuɗin ɗaki ke ninkawa. Ko a waɗannan watannin dare a Granada na da sanyi, garin na gindin duwatsun da ƙanƙara ke rufewa. Ka leƙa Kasuwar Barci ka samo rigar sanyi guda mai kyau, da takalmin da ƙafarka ta saba da shi, don titunan tsofaffin unguwanninsu duwatsu ne aka jera, ga hawa ga gangara.

Agogonsu zai rikita ka. Da hunturu lokacinmu ɗaya da su, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa guda. A watan Yuni azahar ba ta shiga sai bayan ƙarfe 2, magariba sai wajen 9:30 na dare, isha'i kuwa sai 11 ta gota. Babu ladanin da zai tashe ka, wayarka ce ladani. Alƙibla ma ta juya. A nan muna fuskantar gabas mu ɗan karkata arewa, a can gabas za ka fuskanta ka ɗan karkata kudu. Kana da sauƙin ƙasaru, amma ka tuna a mazhabarmu in ka yi niyyar kwana huɗu cikakku a gari ɗaya sai ka cika sallah. In za ka yi alwala a banɗakin tasha ko gidan abinci, ka goge ruwan da ka zubar kafin ka fita. Abu ne ƙarami, amma da irinsa ake yi mana shaida.

Abinci kuwa sai ka buɗe ido. Ban san ƙasar da take ji da naman alade kamar Sifaniya ba. Za ka ga cinyoyinsa a rataye a rufin shago kamar yadda mahauta ke rataye rago. Koyi kalmomin nan ka haddace: cerdo shi ne alade, jamón busasshiyar cinyarsa, chorizo da lomo da tocino duk danginsa ne, manteca kuma kitsensa. Wannan na ƙarshen shi ne mai shammatar mutum, don da shi ake yin wasu kayan zaƙi irin su mantecados da polvorones, waɗanda a ido kamar alkaki ko gireba. Miyar wake da ka ga kamar ba nama, sau da yawa da chorizo aka dafa ta. Akwai wata miyar tumatir mai sanyi ta Kordoba, salmorejo, mai daɗi ƙwarai, amma sai sun barbaɗa mata jamón a kai in ba ka hana ba. Ka ce sin cerdo, sin jamón, sin alcohol, wato ban da alade, ban da giya. Ka ambaci jamón da sunansa, don wani mai kawo abincin in ka ce ba ka cin nama bai ɗauki wannan a matsayin nama ba. Kifi ba ya ƙarewa a can, da wainar ƙwai da dankali, da zaitun, da burodi. A Granada akwai layin Calderería Nueva, cike da shagunan shayi da abincin 'yan Maroko, a Madrid kuma unguwar Lavapiés. Kada ku fita neman abincin rana da ƙarfe 12, sai 2 suke ci, na dare kuma sai 9. Ƙananan shaguna sukan rufe da tsakar rana, ranar Lahadi kuwa yawancinsu a kulle suke.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami tun farko.

Ƙasar nan da za ka je, ka daɗe da saninta ba ka sani ba. Muwaɗɗa da malamanmu ke karantarwa, ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, mutumin Kurɗuba, wato Kordobar nan. Tafsirin Ƙurɗubi sunan garin yake ɗauke da shi. Alfazazi mai Ishiriniya, wadda kakarka ba ta gajiya da ji, a can aka haife shi. Alƙali Iyal mai Ashafa ya yi alƙalanci a Garnaɗa, wato Granada. Tuhufa da alƙalanmu na Arewa ke yanke hukunci da ita har gobe, Ibnu Asim ne ya tsara ta, babban alƙalin Granada da ya rasu a 1426. Wani mawaƙin garin, Abu Ishaƙ Assahili, ya haɗu da Mansa Musa a Makka a 1324, ya biyo shi ƙasar Mali, kabarinsa na Tambutu. Saboda haka in ka shiga babban masallacin Kurɗuba, wanda Abdurrahman na Ɗaya ya aza harsashinsa wajen 785, ka ga ginshiƙai fiye da 800 da bakunansu ja da fari sun miƙe kamar gonar dabino, ka isa gaban mihirabin nan mai ruwan zinariya, wani abu zai tokare maka maƙogwaro. Ni ya tokare mini. Na tsaya na rasa inda zan sa hannuwana.

A daidai nan nake so ka kama kanka. Ginin coci ne tun 1236, lokacin da Sarki Fernando na Uku ya ci garin, kuma a tsakiyarsa an gina babbar majami'a da ake ibada a ciki kullum. An hana Musulmi yin sallah a wurin, masu gadi kuma suna lura. A 2010 wasu matasa Musulmi da suka zo daga Ostiriya sun tayar da sallah a ciki, aka yi dambe da masu gadi, abin ya kai ga 'yan sanda da kotu. Ban ga abin da wannan ya ƙara wa Musulunci ba. Ka yi zikirinka a zuci, ka yi wa waɗanda suka gina shi addu'a, ba mai hana ka. In lokacin sallah ya yi, akwai ƙaramin masallaci a lambun Colón cikin garin. A Granada akwai babban masallaci da aka buɗe a 2003 a unguwar Albaicín, daga farfajiyarsa kana hango fadar Alhambra gaba ɗaya, kuma mutanen ƙasar da suka musulunta ne suka tsaya aka gina shi. A Madrid akwai babbar cibiyar Musulunci da aka buɗe a 1992. Ka yi Juma'a a ɗaya daga cikinsu, ka gaisa da mutane.

Na ga 'yan uwanmu da ke zuwa Andalus kamar masu zuwa rabon gado, suna zagaya gari da fushi, kowane ɗan ƙasa suka gani kamar shi ya ƙwace musu gida. Granada ta faɗi ranar 2 ga Janairun 1492, an kori ragowar zuriyar Musulmi tsakanin 1609 da 1614, kuma zalunci ne babba, ba mai musu. Amma matar da ke sayar maka da tikiti ba ita ta yi ba, garin kakanninta ne kamar yadda yake garin su Ibnu Asim. Kullum kana wuce Lugard Hall, gini mai sunan wanda ya ci ƙasarmu da yaƙi, yau 'yan majalisar jiharmu ke zama a ciki. In jikan Bature ya zo kallo za mu bar shi ya ɗauki hoto, har mu ba shi ruwa, amma ba za mu so ya shigo yana mana tsawa ba. Misalin bai yi daidai ta kowace fuska ba, na sani, amma ka gane inda na dosa. Baƙo raɓa ne. Ka tambaya kafin ka ɗauki hoton mutum, ka rage murya a jirgin ƙasa, ka kawar da kai daga shigar da ba ta yi maka ba. In mace ta matso za ta gaishe ka da sumbar kumatu yadda suka saba, ɗora hannu a ƙirji ka yi murmushi, za ta fahimta. Hijabin maiɗakinka ba zai dami kowa ba.

Alhambra kuma ba a zuwa mata kai tsaye. Tikitinta kan ƙare makonni kafin ranar, don haka da zarar biza ta fito ka saya a shafin hukumar da ke kula da ita, ba wurin 'yan kayi-nayi ba. Tikitin da sunanka yake fita, sai ka nuna fasfo a ƙofa, kuma an rubuta lokacin da za ka shiga fadojin sarakunan Banu Nasar. In ka makara ba roƙo, ba wanda ya san wani. Ka ba ta yini guda. Za ka ga an sassaƙa kalma ɗaya a bango ana ta maimaita ta, ma'anarta babu mai rinjaye sai Allah. Sarakunan da suka sa aka rubuta ta su ne na ƙarshe. Zauna a gefen ruwan nan na lambun Generalife ka huta, ka bar waya a aljihu na ɗan lokaci. A Sebiya ka hau hasumiyar Giralda, wadda sarakunan Muwahhidai suka kammala a 1198. Gangara aka yi mata a ciki maimakon matakala, ko ni da gwiwata na kai sama. In ka sauko ka tuna ba ka taɓa zuwa Gobarau a Katsina ba, ka ji kunya kaɗan.

Gari uku ko huɗu sun isa mako biyu. Jirgin ƙasa mai gudu daga tashar Atocha a Madrid yana kai ka Kordoba cikin kamar awa biyu, kuma wanda ya sayi tikiti da wuri ya fi samun sauƙi. Ana duba kaya kafin shiga, ana kuma rufe ƙofa kafin lokacin tashi, ba a jiran kowa. Kada ka biye wa masu cewa tunda biza ɗaya ce ka leƙa Faransa da Italiya da Jamus. Za ka dawo da hotunan tashoshi da ciwon baya.

'Yan sane suna nan, musamman a Barsalona da tsakiyar Madrid, kuma aljihun gefe na kaftani kamar don su aka ɗinka shi. Fasfo da kati su zauna a aljihun ciki ko wata 'yar jaka a ƙarƙashin riga, waya kuma kada ta kwanta a kan teburin shan shayi. A bakin manyan majami'u na Granada da Kordoba akwai mata masu miƙa wa mutum reshen wani ganye mai ƙanshi kamar kyauta, in ka karɓa sai su kama hannunka su yi maka duba su nemi kuɗi. Ka ce no, gracias ka wuce. 'Yan sanda na iya tsayar da kai su nemi takarda, kuma ba zan ɓoye maka ba, baƙar fata ya fi shan wannan tambayar. Nuna musu ba tare da gardama ba. In fasfo ya ɓata, sai ka fara kai rahoto ofishin 'yan sanda su ba ka takarda, sannan ka nufi ofishin jakadancinmu a Madrid, saboda haka ka ajiye hotonsa a waya da kwafi a akwati. Lambar gaggawa 112 ce. In zazzaɓi ya kama ɗayanku, abu na farko da za ku gaya wa likita shi ne daga Najeriya kuke, don ba lallai maleriya ta zo masa a rai ba.

Za ka haɗu da yaranmu a can, wasu suna shimfiɗa jakunkuna a bakin titi, wasu suna aikin gonakin rumfar leda a Almeriya, da yawansu ta Agadas da teku suka bi. Ka gaishe su da mutunci, in kana da hali ka sayi wani abu a hannunsu. Wani zai ce maka tunda ka shigo da biza me za ka koma yi. Ka saurare shi, ka dubi inda yake kwana, ka hau jirginka ranar da aka rubuta. Kwana ɗaya ka ƙara a kan abin da aka ba ka, na'urarsu ta rubuta, kuma ƙannenka da za su nema bayanka su ma zai shafe su.

Tsarabata ba mai nauyi ba ce. In ka bi ta ƙasa tsakanin Kordoba da Granada za ka ga itatuwan zaitun sun rufe tuddai har iyakar ganinka. Lardin da ya fi kowane noma shi sunansa Jaén, shi ne Jayyan, mahaifar Ibnu Malik mai Alfiyya, wadda na sha bulala a kanta a zauren malaminmu a Zariya. Ka samo mini gwangwani ɗaya na man zaitun da aka rubuta sunan garin a jiki. Ka naɗe shi cikin tufafi ka sa a babban akwati, don in yana jakar hannu za a karɓe shi a filin jirgi. Kafin ku tashi kuma ku zo Malali ku ci tuwo, Gwaggonka ta ce tana da magana da amaryar, ban tambaye ta ko ta mece ce ba.